Jani Lane: Mawaƙin Da Waƙar Minti 15 Ta Danne Masa Aikin Shekaru

Yau ba fim na kawo muku ba, duk da cewa fim ne ya jawo ni cikin maganar. Wanda ya kalli Peacemaker, shirin nan mai dogon zango na John Cena da ya fito a 2022, zai tuna wurin da ya zauna shi kaɗai gaban fiyano yana kaɗa Home Sweet Home ta Mötley Crüe. Ni dai wurin nan ya tsaya min a rai. Ƙato guda kamar Cena, ga shi zaune shiru kamar maraya. Daga nan na faɗa YouTube ina bin irin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, data kam ta sha wuya a watan nan, har na ci karo da wani mutum mai suna Jani Lane, jagoran mawaƙan Warrant. Ya mutu tun 2011, lokacin ni ko firamare ban daɗe da gamawa ba, amma labarinsa ya hana ni sakat sai na rubuta.

Ga wanda bai san glam metal ba, wani reshe ne na kiɗan rock mai ƙarar jita da ganguna, ya yi tashe a Amurka cikin shekarun 1980, cibiyarsa titin Sunset Strip a Los Angeles. Mazan su tara gashi su feshe shi ya miƙe sama, su ranbaɗa kwalli, su matse cikin wandon fata. Waƙoƙin yawanci mata ne da giya da holewa, sai a kowane kundi a saka guda ɗaya mai sanyi saboda rediyo da tashar MTV. Shi ya sa har yau mutane da yawa ke kallon salon a matsayin abin dariya. Ni ma da farko dariyar na yi. Abin da na gano daga baya shi ne, aikin da ya fi nauyi a wannan salo an yi shi ne dab da mutuwarsa, daga 1990 zuwa wajen 1994, lokacin da masu saurare suka riga suka fara watsewa. Kuma ban ga wanda hakan ya fi bayyana a rayuwarsa kamar Jani Lane ba.

An haife shi ranar 1 ga Fabrairu 1964 a garin Akron da ke jihar Ohio. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne John Kennedy Oswald. Ku sake karanta sunan nan a hankali. Mako goma kacal kafin haihuwarsa aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a Dallas, kuma mutumin da aka kama da kisan sunansa Lee Harvey Oswald. Sunan gida ne ya zo ɗaya, amma ka ga jariri ya shigo duniya ɗauke da sunan wanda aka kashe haɗe da na wanda ya yi kisan. Daga baya aka sauya na tsakiyar ya koma Patrick. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar, ya tashi a Brimfield, kusa da Akron ɗin. Yayansa makaɗin jita ne, shi kuma ganguna ya kama tun yana ɗan mitsitsi. Yana shekara 11 har ya fara kaɗawa a gidajen rawa da sunan Mitch Dynamite. Ya gama sakandare a 1982, ya yi wasa da wata ƙungiya mai suna Cyren, a 1983 ya gangara Florida. A can ne ya gaji da zama a bayan ganguna, ya karɓi makirfo ya dawo gaba, suka kafa Plain Jane shi da wani makaɗin ganga, Steven Sweet. Sunan Jani kuwa daga kakanninsa ya samo shi, 'yan asalin Jamus, haka bakinsu ke furta Johnny.

Su biyun suka tattara suka nufi Los Angeles, inda dubban samari masu irin gashinsu da irin burinsu ke yawo suna manna takardun tallar wasa a jikin falwaya. Sun sha talauci, ya yi ƙananan ayyuka don ya ci abinci. A 1986 Erik Turner, makaɗin jitar Warrant, ya gayyato su shi da Steven. Da Joey Allen da Jerry Dixon suka cika biyar. Kamfanin Columbia ya ɗauke su a 1988, a watan Janairun 1989 kundinsu na farko ya fito, Dirty Rotten Filthy Stinking Rich. Duk waƙoƙin da ke ciki Jani ne ya rubuta. Kundin ya kai na 10 a jadawalin Billboard, ya sayar da kwafi sama da miliyan biyu a Amurka.

Waƙar da ta ɗaga su ita ce Heaven, mai sanyi, wadda ya rubuta tun zamanin Plain Jane. Ta kai ta 2 ta tsaya nan. Wa ya tare mata hanya? Milli Vanilli. Eh, su dai, mutum biyun nan da aka gano daga baya ba muryarsu ce a waƙoƙinsu ba, har aka ƙwace musu kyautar Grammy a 1990. Mutumin da ya rubuta waƙarsa da hannunsa ya rera da bakinsa, masu motsa leɓe suka hana shi zama na ɗaya. Bai sake matsowa kusa haka ba har ya mutu.

Gaskiya kundin farkon nan ba wani zurfi ne da shi sosai ba, kuma bidiyon Heaven da suka fito duk cikin fararen kayan fata iri ɗaya kamar 'yan anko, ni kaina sai da na murmusa. Amma ko a nan za ka ji yaron ya iya ɗinka waƙa. Amshinsa na kama kunne tun jin farko, kuma muryarsa tana da wata 'yar karyewa idan ya hau sama, wadda ke sa ka yarda da abin da yake faɗa.

A kundi na biyu ne ya fara nuna abin da ke cikinsa. Waƙoƙi biyu nake so mu tsaya a kansu.

Ta farko I Saw Red. Abin da ya faru da shi ne da gaske. Lokacin suna aikin kundin farko, ya shiga ɗaki ya tarar da budurwarsa tare da babban amininsa. Abin ya taɓa shi har ya kwanta, fitowar kundin ma sai da ta yi jinkiri. To ka san yadda mawaƙan salon nan suka saba da irin wannan labari: zagi, cika baki, gobe zan samu wadda ta fi ki. Shi bai bi nan ba. Da fiyano ya buɗe, murya ƙasa ƙasa, ya ɓata rabin waƙar yana yabon yarinyar, yadda yake ganinta kafin ranar. Sai da ya sa ka so ta tukuna sannan ya kai ka bakin ƙofar. Kuma ko da aka kai wurin, babu ashar, babu barazana, mutum ne kawai da ya ga abin da ya gani ya juya. Ihun da ke cikinsa sai can wajen ƙarshe ya sake shi, na ɗan lokaci, ya sake komawa shiru. Wanda aka taɓa ci wa amana zai gane cewa haka abin yake, ba faɗa ne ke fara zuwa ba, sanyin jiki ne.

Ta biyu Uncle Tom's Cabin. Sunanta ɗaya da shahararren littafin nan na Harriet Beecher Stowe na 1852 kan bauta a Amurka, amma labarin daban ne. Wannan gajeren fim ne a cikin waƙa, shi ya sa nake ganin ku masu son fim za ta fi burge ku. Yaro ne da kawunsa suka fita kamun kifi da dare a wata fadama, sai suka hango shugaban 'yan sandan yankin da mataimakinsa suna jan gawa biyu za su jefa a ruwa. Shi ke nan an ƙulla. Ka ga kisa da idonka, kuma wanda za ka kai wa ƙara shi ne mai kisan. Yayan Jani ne ya kaɗa jitar da ta buɗe waƙar, marar lantarki, a hankali kamar ana sanɗa, sannan sauran kayan kiɗan suka rufto gaba ɗaya. Babu mace a ciki, babu holewa. Tsoro ne da nauyin riƙe sirri. Da sunan wannan waƙa aka shirya kiran kundin, ita ce kuma aka so a fara fitarwa.

Sai waya ta shigo. Yadda Jani ya sha ba da labari, sun gama aiki sun miƙa, sai shugaban Columbia na lokacin, Don Ienner, ya nuna bai ji waƙar da za ta tashi kasuwa ba, yana son wani abu mai saurin kama baki irin Love in an Elevator ta Aerosmith. Jani ya zauna a daren, cikin kamar minti 15 ya rubuta Cherry Pie a bayan kwalin fiza. Batsa ce a lulluɓe da sunan kayan zaƙi, ba sai na fassara muku ba. Kamfani ya ji ya ce ita ce. Aka sauya sunan kundin ya koma Cherry Pie, aka sauya hoton bango, aka gayyato C.C. DeVille na Poison ya kaɗa jita a ciki, aka yi bidiyo da wata mai tallar kaya Bobbie Brown, 'yan ƙungiyar suna fesa mata ruwa da mesar 'yan kwana-kwana. Kundin ya fito a Satumban 1990, ya kai na 7, shi ma ya haura miliyan biyu.

Ku duba lissafin nan. Cherry Pie ta kai ta 10. I Saw Red ita ma ta kai ta 10, daidai wa daida. Uncle Tom's Cabin, da aka fitar daga baya, ta tsaya a ta 78. Wato ko a kasuwa waƙar zuciyar ba ta gaza ta batsar ba. Amma bidiyo ya fi jadawali daɗewa a ƙwaƙwalwar mutane. Daga ranar aka daina ganin marubuci, aka koma ganin mutumin Cherry Pie. A 1991 ya auri Bobbie Brown ɗin, abin da ya ƙara ɗaure shi da waƙar tamau.

A nan zan ɗan saɓa da masoyansa da ke cika sashen sharhi da kuka. Ba wanda ya ɗora masa bindiga. Shi ya rubuta, ya ci kuɗinta, kuma a kundin akwai wasu waƙoƙin holewar da ba kamfani ne ya nema ba. Sannan in za a faɗi gaskiya, Cherry Pie an iya ƙera ta. Ba kowa ke zama cikin minti 15 ya fitar da amshin da za a shekara 30 ana rerawa ba. Matsalar ba wai waƙar ta lalace ba ce, girmanta ne ya rufe duk abin da ke bayanta.

Ana cikin haka kasuwa ta juya. A Satumban 1991 Nirvana daga yankin Seattle suka saki Nevermind, zuwa Janairun 1992 sun ture Michael Jackson daga matsayi na ɗaya. Salon da ake kira grunge ya shigo: tsofaffin riguna, gashi a hargitse, waƙoƙin ƙunci da fushi. Dare ɗaya kwalli da feshin gashi suka zama abin kunya.

Abin haushin shi ne a daidai wannan lokaci mawaƙan glam da dama suka fara girma. Cinderella sun koma kiɗan blues a Heartbreak Station tun 1990. Skid Row sun ƙara nauyi a Slave to the Grind, wanda ya shiga jadawali kai tsaye a na ɗaya a 1991. Winger suka yi Pull a 1993, Poison suka yi Native Tongue a shekarar, Mötley Crüe suka fito da sabon mawaƙi da sabon sauti a 1994. Samarin da suka shigo suna 'yan ashirin da wani abu sun ga aure da saki, sun ga abokai sun lalace da ƙwaya, dole abin da suke rubutawa ya sauya.

Na Warrant shi ne Dog Eat Dog, Agustan 1992. Sun bar furodusansu na da, Beau Hill, suka ɗauki Michael Wagener, suka yi aikin a Tampa ta jihar Florida. In za ku ji abu ɗaya tak daga duk wannan rubutu, to wannan kundin ne. Jitar ta yi kauri, wasa ya ragu, kuma batutuwan ba irin waɗanda aka san su da su ba ne. All My Bridges Are Burning kan mutumin da shaye-shaye ya cinye ne. The Hole in My Wall kan mai leƙen asirin maƙwabta. April 2031 hasashe ne na duniya bayan an lalata ta da makaman ƙare-dangi, har da muryoyin yara a ciki, abin da ke sa tsigar jiki tashi. The Bitter Pill kuwa tana tafiya a matsayin waƙar soyayya mai ɗaci, kwatsam a tsakiya sai ta rikiɗe ta koma kamar waƙar opera da Jamusanci, harshen kakanninsa, sannan ta dawo. A takarda kamar shirme, a kunne kuma ya zauna.

Wadda ta fi tsaya min ita ce Andy Warhol Was Right. Warhol mai zane ne ɗan Amurka, ana danganta masa maganar cewa wata rana kowa zai samu shaharar minti 15. Waƙar ta buɗe da muryar ƙaramin yaro. Yaro ne da ba wanda ya damu da shi a gida, yana wasa da bindigar roba. Ya girma, har yanzu ba mai kallonsa, sai ya yanke shawarar harbe wani shahararre don a nuno shi a talabijin. Jani bai tsaya gefe yana wa'azi ba, cikin kan mutumin ya shiga ya yi magana da bakinsa, har ka samu kanka kana tausayin wanda bai kamata ka tausaya wa ba. Kun tuna sunan da aka raɗa masa? Wannan tunanina ne ni kaɗai, amma duk sanda na ji waƙar sai na tuna cewa wanda ya rubuta ta an haife shi da sunan Kennedy da na Oswald a haɗe. Ga kuma minti 15 ɗin, daidai tsawon lokacin da ya ɗauka yana rubuta waƙar da ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Kundin ya tsaya a na 25, ya sayar da kwafi dubu 500. Ga wani wannan nasara ce, ga wanda ya saba da miliyan biyu kuwa faɗuwa ce. Jani ya ba da labarin cewa lokacin Cherry Pie in ka shiga ofishin shugaban kamfanin, ƙaton hoton Warrant ne a bango. Da ya koma kan maganar Dog Eat Dog, sai ya tarar hoton Alice in Chains ne a wurin, 'yan Seattle, su ma a kamfanin suke. Bai buƙaci a yi masa bayani ba.

Shekarar 1993 ta zo masa da komai a haɗe. Ya fice daga ƙungiyar, Columbia ta sallame su, manajansu Tom Hulett ya mutu, aurensa ya mutu. Ya dawo, suka koma ƙaramin kamfani mai suna CMC, suka fitar da Ultraphobic a 1995 da Belly to Belly a 1996. A waɗannan biyun kam ba zan kare su ba, ana jin ƙamshin bin yayin Seattle, musamman na biyun. Dog Eat Dog girma ne da ya fito daga ciki, waɗannan kuwa akwai neman inda za a fake. Duk da haka a Ultraphobic akwai Family Picnic kan cin zali a cikin gida, akwai kuma Stronger Now da ta rufe kundin, shi da jita marar lantarki, mutum yana lallashin kansa bayan rabuwa. A ganina tana cikin mafi kyawun abin da ya taɓa rubutawa, kuma mutane ƙalilan ne suka ji ta a lokacin.

Sauran shekarun ba su da daɗin ba da labari, zan bi su da sauri. Daga manyan filayen wasa aka koma ƙananan gidajen rawa, inda duk daren duniya jama'a waƙa ɗaya suke jira. Ya fitar da kundin kansa, Back Down to One, bai yi nisa ba. Ya bar Warrant a 2004. A 2005 ya fito a Celebrity Fit Club, shirin VH1 na rage ƙiba, inda duniya ta ga yadda giya ta yi da shi. A 2006 a wata hira da tashar ya fito fili ya nuna baƙin cikin rubuta Cherry Pie, da kalamai masu zafin da har yau ake yawo da guntun bidiyon. Wallahi kallonsa ba daɗi, fuska a kumbure, ido ya yi ja. Daga baya ya sassauta, ya nuna ranar ce ta same shi cikin ɓacin rai, kuma yana farin ciki da ya yi waƙar da ta daɗe haka. Ni na yarda da duka biyun. Mutum na iya gode wa abin da ya ciyar da shi, kuma ya ji haushinsa.

Ya koma Warrant a 2008, watanni kaɗan aka sake rabuwa, Robert Mason ya maye gurbinsa. A shekarar ya yi kundi ɗaya da ƙungiyar Saints of the Underground tare da wasu 'yan Ratt. An kama shi da tuƙi cikin maye a 2009, aka sake kama shi a 2010, kotu ta yanke masa kwana 120. A 2010 ɗin dai ya riƙe wa Great White makirfo lokacin da mawaƙinsu Jack Russell ke jinya. Ya sha shiga gidan gyaran masu shaye-shaye yana fitowa. Wasu na cewa waƙar ce ta kashe shi, ni ban yarda da wannan ba. Shaye-shaye ciwo ne mai zaman kansa, ya kashe waɗanda ba su taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba.

Ranar 11 ga Agusta 2011 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani otal a Woodland Hills, cikin Los Angeles. Shekararsa 47. Binciken likitoci ya nuna giya ce ta yi masa yawa a jini. Ya yi aure sau uku, ya bar 'ya'ya mata biyu. Rahotannin lokacin sun ce ba a samu katin shaida a jikinsa ba, sai wata 'yar takarda a aljihu da wani ya rubuta masa, ɗauke da sunansa da lambar wayar da za a kira. Labaran mutuwarsa kuwa kusan duk da Cherry Pie suka gabatar da shi. A ƙarshen watan abokan sana'arsa suka yi masa wasan tunawa a Key Club, a kan Sunset Strip ɗin da ya fara.

In za ku neme shi, don Allah kar ku fara da wadda YouTube zai fara turo muku. Ku fara da Uncle Tom's Cabin, sai I Saw Red, sannan ku sa abin ji a kunne ku bi Dog Eat Dog daga farko har ƙarshe, ku rufe da Stronger Now. Bayan nan in kun ga dama ku ji Cherry Pie ɗin, ku zo ku gaya min yadda kuka ji ta.

Ni dai na riga na saka tuni a wayata na ranar 1 ga Afrilu 2031, in Allah Ya kai mu, zan kunna April 2031 da safe. Da yana raye, a lokacin zai kasance yana da shekara 67.